Zuwa ga ƙanwata a Kano

Auyo, Jihar Jigawa

  

Maganarki ta ranar suna ce ta tsaya mini a rai, da kika ce jahilci ne ya hana matanmu ba da tazarar haihuwa. Ƙanwata, ba ki yi musu adalci ba. Wace mace ce a nan ba ta san illar kwanika ba? Kakanninmu ma shekara biyu suke shayarwa, mace ta tafi wankan jego gidansu ta huta.

Gaskiya ne binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure masu amfani da hanyoyin asibiti a Jigawa ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma ki duba dalili. Ke albashi gare ki, asibiti na bayan layinku, hayar gida da kuɗin makaranta kuma su suka sa maigidanki ya yarda. A nan kuwa mai gonar shinkafa a fadama hannuwa yake ƙirgawa ranar dashe. Matar da ke Gamsarka ko Ayama sai ta nemi izini, ta nemi kuɗin babur, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. In ambaliya ta zo irin ta 2022, hanyar ma ta yanke, wa'adin allurar tazara ya wuce. Ga kishiya na haihuwa, ga maganar gado.

Duk da haka, da yawa sun fi son allurar wata uku a kan ashanar da ake sakawa a hannu. Ashana tana daɗewa, amma ana jin ta a dantse, uwar miji na iya ganewa. Allura ba ta barin shaida. Abin da ke korar su daga duka biyun shi ne rikicewar jini, don mace ba ta son ta rasa sanin ranar sallarta da azuminta, kuma ba kowa ke zama ya yi mata bayani ba.

Autarmu ga ta da goyon wata bakwai, jikinta bai koma ba. Mijinta yana jin maganar maigidanki. Don Allah ki roƙi maigidan naki ya kira mijin nata kafin girbi, su yi maganar tazarar tsakaninsu maza.

Ki gaishe da Hajiya.

Taki,
Yaya