Hazo da Hayaƙi

Duk shekara idan watan Disamba ya kama a nan kurmi, mukan wayi gari mu tarar sama ta yi fari-fari, leɓunanmu sun ɗan bushe. Ɗalibanmu haifaffun nan sai su ɗauko rigunan sanyi suna ƙorafi. Mu kuwa murmushi muke yi, domin wannan ragowa ce kawai ta iskar da ta raine mu. Kafin ta iso nan sai da ta ratsa Funtuwa, garin auduga da masara, inda aka yanke mana cibiya.

A can kowane lokaci na shekara da irin iskarsa. Ta bazara zafi gare ta, ga guguwa mai kwasar yayi. Damina in ta sauka, wajen watan Mayu, sai ruwa ya wanke sama tas, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Da kaka kuwa ƙaiƙayin sussuka da shiƙa ke yawo a tsakar gida. Sannan hunturu ya shigo daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, da hazo da kaushi da haɓo, rana ta koma kamar farin faifai.

Tsofaffinmu ba su zagin hazo. Sukan ce taki ne Allah yake aiko wa gona ba tare da jaki ko mangala ba. Sai da muka yi nisa a karatu muka gane hikimar zancen. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan babban tafkin Chadi ya kwanta. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi busasshen laka mai ɗauke da abincin tsiro, ta watsa a gonakinmu, wani ma ta ƙetara teku da shi har dajin Amazon.

Amma fa mun san ɗacinta. A shekarar 1996, muna makarantar sakandare, sanƙarau ya ɓarke a Arewa. Ya kama mutane fiye da 100,000, ya kashe sama da 11,000. A cikinsu har da wanda muke zama benci ɗaya da shi. Ranar Litinin ya ce kansa na ciwo, ranar Alhamis muka raka shi makwanci. Masana sun bayyana cewa busasshiyar iska mai ƙura takan raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami ƙofa, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma ya yaɗa ta. Allurar rigakafin da aka fara yi a Nijeriya a 2011 ta rage wannan masifa ƙwarai.

Tun daga nan duk tarin da muka ji a gida, hunturu muke ɗora wa laifi. Haka muka yi da muka je hutu muka iske Inna tana tari har numfashinta na sarƙewa. Da muka kai ta asibiti, likita bai tambayi hazo ba. Cewa ya yi, "Hajiya, da me kike girki, kuma a ina?" Ta ce, "Da ice mana, ɗan nan, a madafa, shekara hamsin ke nan."

A daren muka fita ƙofar gida muka dubi garin da sabon ido. A gonakin bayan gari ana ƙona kara da tattaka. A bola an cinna wa leda wuta. Janareta na ruri a kowane shago, masu jin ɗumi sun kewaye tsohuwar taya. Da yake iskar dare mai sanyi tana da nauyi, hayaƙin bai tashi sama ba. Ya kwanta daidai hancin mutane har hantsi. Ashe rabin abin da muke kira hazo, da hannunmu muke hura shi. Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, to ina ga wanda ya cinna wa karan wuta?

Ba mu da ikon tare iskar Bodele, ba ma fatan a tare ta. Abin da ke hannunmu shi muka yi. Muka fasa taga a madafa, muka sayi murhu mai cin ice kaɗan, muka roƙi ƙanenmu ya bar karan gona ga shanu da ƙasa. Ya yi gardama, ya ce wuta ta fi sauri, kuma tana kashe ƙwari. Bana dai rabin gonar ya bari.

Ɗalibanmu da za su je gida hutun hunturu, muna roƙonku abu ɗaya. Ku fita bayan sallar Isha'i ku shaƙi iskar garinku, ku rarrabe wadda ta zo daga Chadi da wadda ta fito daga bayan katangarku. Tarin Inna ya yi sauƙi, amma likita ya ce huhun da hayaƙi ya ci ba ya komawa sabo.