Abin da Masaƙa Ta Karɓe wa Baba

Mahaifina ya yi shekara 19 a ɗakin saƙa na wata masaƙa da ke Kakuri, a Kaduna. Bayan an rufe ta ya dawo gida, muka lura rediyonsa kullum a ƙure yake, kuma idan Inna ta yi masa magana daga madafa ba ya amsawa. Mun ɗauka miskilanci ne irin na wanda ya rasa aiki. Wani dare na tambaye shi, ya ce: "Ina jin muryarku, kalmomin ne ba na rarrabewa. Ga kuma wani kuka a kunnena kamar na gyare, ba dare ba rana."

Daga baya na fahimci abin da ya faru. A can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su a hankali, ba ciwo ba jini, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masu ɗaukar siraran sauti ne ke fara lalacewa, shi ya sa "s" da "f" da "sh" suke ɓace wa mutum tun yana jin amon murya.

Ana auna ƙara da desibel. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi bi ita ce kada a wuce desibel 85 a aikin awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ɗakin tsofaffin injinan saƙa yakan kai kusan 100. Baba ya yi ta tsayuwar awa 8 a ciki, da ɗan ƙullin auduga a kunne, wadda ba ta tare wani abin kirki.

Kariya tana da tsari. Ana farawa da injin kansa: a sa masa mai, a ɗaure abin da ya kwance, a ɗora shi kan roba don rage girgiza, a killace shi. Sannan a riƙa juya ma'aikata don kada mutum ɗaya ya wuni a bakinsa. Bayan haka ne matoshin kunne ke zuwa, tare da gwajin ji duk shekara, domin a kama raunin tun yana ƙarami. Wannan duka nauyi ne a wuyan mai kamfani. Ko babu na'urar awo, akwai alama: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye taku ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya kai haɗari.

Yanzu ɗan yayata yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, Kano. Na saya masa matoshin kunne, ya ce abokan aikinsa za su yi masa dariya, kuma ai ya saba da ƙarar. Baba ma haka yake cewa a lokacinsa. Na kai shi ya gaishe da kakansa. Sau uku yana maimaita gaisuwar kafin Baba ya amsa.