Ƙaron Tawada da Ƙaron Ɗakin Gwaji

Ina yaro a makarantar allo a Dutse, ni ake aika sayo ƙaro duk ranar da za a dafa tawada. Na san dai in babu shi, baƙin gawayin kwantawa yake yi a gindin kurtu, ruwa ya taso sama fari fat. Ban taɓa tambayar dalili ba, sai da na girma na ci karo da labarin girafin.

Baƙin da ke cikin fensir, wato girafait, falle-falle ne na sinadarin kabon da aka jera kamar shafukan littafi. Falle guda shi ne girafin. Sai an tara wajen miliyan 3 kafin a sami kaurin milimita ɗaya. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka ɓanɓaro shi da salatif, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. Amma salatif ba ya cika buhu. Don haka a 2008 tawagar Jonathan Coleman a Dublin ta zuba girafait cikin ruwan sinadari, ta girgiza shi da amon sauti har fallayen suka rabu. Matsalar ita ce, a cikin ruwa zalla, da an bar su sai su koma su manne. Dole a sami abin da zai lulluɓe kowane falle ya hana shi komawa ga ɗan'uwansa.

A nan ne na ajiye takardar na yi shiru. A 2013 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun yi wannan aiki cikin ruwa zalla, kuma abin da suka sa shi ne ƙaro. Ƙaron da ake tsinka a dazukan Jigawa, wanda malaminmu ke jiƙawa a kasko.

Ba na cewa alarammomi sun gano girafin. Gawayi daban, girafait daban. Abin da ke ci mini rai shi ne, muna sayar da ƙaro ɗanye a buhu, alhali Jami'ar Tarayya ta Dutse na nan tun 2011 da ɗaliban kimiyya masu neman maudu'in bincike. Haɗa ruwan ba shi da tsada. Tsadar tana wurin na'urar da za ta tabbatar cewa falle guda aka samu, ba baƙin ruwa kawai ba. Wannan na'urar nake so gwamnatin jiha ta sa a kasafinta.