Ɗakin da Muka Rushe Ba Mu Leƙa Ba

Mu tagwaye ne, ajinmu ɗaya, kuma bana tare za mu zauna jarrabawar JAMB in Allah ya kai mu. Shi ya sa ranar da Yaya zai tafi bautar ƙasa ya ɗauko kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya ajiye a gabanmu, ya ce mu riƙa gwada hannu da ita. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar, kuma wanda bai saba da madannai da linzami ba yakan ɓata lokacinsa wajen lalube. Tsohuwar HP ce da ya saya ta hannu tun yana aji ɗaya a jami'a. Batirinta ba ya kai awa guda, amma a wurinmu ta fi sabuwa.

Abu ɗaya ne ya dame mu da ita. Duk lokacin da muka kunna, sai wani jerin rubutu ya fito yana tambayar inda za mu shiga, Ubuntu ko Windows. In muka yi jinkirin daƙiƙa goma ba mu zaɓa ba, sai ta wuce da mu Ubuntu, inda ba mu san gabas ba balle yamma. Yaya ilimin kwamfuta ya karanta, shi ya sa ya zuba manyan manhajoji biyu a na'ura ɗaya, ya raba musu rumbun ajiyar mai gigabait 500: wajen 350 na Windows, sauran na Ubuntu. Mu kuwa Windows muka sani, ita ake koya mana a makaranta.

Kafin wata biyu ɓangaren Windows ya cika, layin da ke nuna sauran wuri ya koma ja. Da Umma ta tambaya sai mu ce manhajar gwajin jarrabawa ce ta cinye wurin. Gaskiyar magana kuwa, wasan ƙwallo ne da finafinai. Wani abokinmu da ake ganin ya san kan kwamfuta ya ce abin ba wuya, mu buɗe Disk Management, mu goge ɓangaren Ubuntu, mu haɗe wurin da namu.

Daren wata Alhamis muka buɗe. Muka ga rumbun an zana shi yanki-yanki kamar gonar gado. Namu yana da suna, harafin C. Kusa da shi ga wani ƙaton yanki ba suna ba harafi, kuma Windows ta rubuta cewa kashi ɗari bisa ɗari nasa fili ne. Muka kalli juna. Ashe ma ba komai a ciki! Muka goge shi, muka ja iyakar C ta haɗiye wurin, muka juye finafinai kusan gigabait talatin daga filas ɗin abokinmu. Kwamfuta ta ci gaba da aiki lafiya lau har muka kashe ta muka kwanta, muna ganin mun zama injiniyoyi.

Da safe muka kunna, sai baƙin allo. Ba Windows, ba Ubuntu, sai ɗan rubutu fari a sama wanda ya ƙare da kalmomin grub rescue, da wata 'yar alama tana ƙiftawa. Muka kashe muka kunna ya fi sau goma. Muka cire batiri muka mayar. Shiru. Kwana biyu muna ɓoye ta a ƙarƙashin katifa, in Umma ta ce ina karatun kwamfuta, sai mu ce ai ba wuta. Ranar Asabar muka fasa asusunmu, muka saka ta a jakar makaranta, muka nufi kasuwar waya ta Farm Centre.

Mai gyaran da muka samu dattijo ne mai haƙuri. Yana ganin allon ya yi murmushi ya ce, "Samari, kun rushe ɗakin maigadi ke nan." Sai ya yi mana bayani da misalin da ba za mu manta ba. Ya ce mu ɗauka rumbun gida ne mai sassa biyu da zaure ɗaya. Lokacin da Yaya ya zuba Ubuntu, ta ajiye wani ɗan shiri mai suna GRUB a bakin zaure, shi ne mai tambayar baƙo sashen da zai shiga. A tsofaffin kwamfutoci irin tamu, zauren nan ɗan gurbi ne a farkon rumbu, bait 512 kacal, ba zai ɗauki shirin duka ba. Saboda haka maigadin yana tsaye a zaure, amma littafinsa da makullansa suna cikin sashen Ubuntu. Mun rushe sashen, maigadi ya tashi da safe ya nemi makullai ya rasa, shi ne ya tsaya cik. Windows tana nan lafiyarta ƙalau, hanyar shiga ce babu.

Ya ɗauko filas mai ɗauke da manhajar girka Windows, ya tayar da kwamfutar daga kansa, ya zaɓi gyara maimakon girkawa, ya buɗe baƙar tagar ba da umarni ya rubuta bootrec /fixmbr. Wannan umarni shi ke mayar wa Windows zaurenta. Bai kai minti goma ba sai ga tambarin Windows ya fito. Muka yi ajiyar zuciya, har mun fara ƙirga kuɗinsa. Sai ya ɗago kai ya ce, "To, me ke cikin sashen da kuka rushe?"

Muka ce ba komai, Windows da kanta ta nuna mana fili ne. Ya girgiza kai. Ya ce Windows tana tsara ajiyarta da wani salo mai suna NTFS, Ubuntu kuma da wani daban mai suna ext4, kuma wannan taga ta Windows ba ta iya karanta na biyun. In ta ga yankin da ba ta gane rubutunsa ba, ba ta san abin da ke ciki ba, sai ta lissafa shi a matsayin fili. Kamar a miƙa wa wanda bai iya ajami ba wasiƙa, ya ce zane ne kawai. Nan take jikinmu ya yi sanyi, domin mun tuna cewa Yaya kusan kullum a Ubuntu yake aiki.

A nan kasuwar muka kira shi. Muka yi ta kewaye-kewaye, har ya ce, "Ku faɗa mini kawai, me kuka yi?" Da muka faɗa, ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Sai ya ce aikin kammala karatunsa ba damuwa, yana da kwafi a imel. Abin da ba shi da kwafinsa shi ne muryar Kaka. Shekara biyu kafin rasuwar kakanmu na wajen uba, Yaya ya riƙa zuwa ƙauye duk hutu yana naɗar hirarsu a waya: asalin gidanmu, sunayen kakanni, labarin fatauci da tafiyarsa aikin hajji. Zama goma sha ɗaya suka yi. Da wayar ta cika sai ya juye su a kwamfuta ya goge na wayar, wayar ma tuni ta lalace.

Mai gyara ya ce mu bar masa kwamfutar, kada a ƙara ajiye ko hoto ɗaya a kanta. Ya ce goge yanki ba ya share abin da ke ciki nan take, alamar iyaka kawai ake cirewa. Da mun tsaya a nan, da akwai manhaja mai suna TestDisk da takan dawo da yankin sukutum. Abin da ya ɓata lamarin shi ne haɗe wurin da muka yi da C, da finafinan da muka zuba, domin duk inda sabon abu ya sauka ya danne na da, kuma wanda aka danne ya tafi ke nan. Ya yi kwana biyu yana tace rumbun da wata manhajar mai suna PhotoRec, wadda ke tsinto fayiloli ɗaya bayan ɗaya ba tare da sunayensu ba. Dubban abubuwa suka fito, muka zauna muna buɗe masu sauti. Cikin goma sha ɗaya, huɗu muka samu cikakku, ɗaya kuma ya yanke a tsakiya, Kaka yana cikin ba da labarin yadda mahaifinsa ya baro garinsu.

Ranar da muka kunna wa Umma da Baba, ba wanda ya yi mana faɗa, kuma da an yi mana dukan tsiya da ya fi mana sauƙi. Baba ya saurari muryar mahaifinsa har ƙarshe, ya share ido, ya tashi ya fita masallaci. Yaya kuma da ya sake kira ya ce, "Ni ma da laifina, abin da ke wuri ɗaya tak ba ajiyayye ba ne. Amma ku, me ya hana ku kira ni? Minti ɗaya ya isa." Ba mu da amsa. Mun ji tsoron ya ce kada mu taɓa, shi ya sa ba mu tambaya ba.

Cire manhajar da ba ka so ba laifi ba ne, kwamfutarka ce. Jerin aikin ne muka juya, muka fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Ga yadda mai gyara ya koya mana, ga duk ɗalibin da ya gaji kwamfuta irin wannan a wurin yayansa ko ya saye ta a hannu. Da farko ka shiga manhajar da kake son cirewa da kanka, ka buɗe kowace folda, ka kwashe abin da ke ciki zuwa filas ko wani rumbu na waje. In tana da kalmar sirri, ka nemi mai ita. Ka kwafe muhimman abubuwan ɓangaren da za ka bari su ma, saboda hannu yakan kuskure. Sannan ka tanadi filas na gyaran Windows, mai gigabait 8 ko fiye, tun kwamfuta tana lafiya.

Bayan haka sai batun zaure. Ka rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, za ta nuna maka ko kwamfutarka tsohon tsari take bi ko sabo mai suna UEFI. In tsoho ne, ka mayar wa Windows zaurenta da umarnin nan na mai gyara tun kafin ka goge komai. In sabo ne, ka shiga saitin na'ura lokacin kunnawa, a HP yawanci da madannin F10, a Dell da F2, ka ɗora Windows Boot Manager a saman jeri. Ka kashe ka kunna, ka ga ta shiga Windows kai tsaye ba tambaya. Sai a lokacin za ka goge yankin Ubuntu, bayan ka tabbatar da girmansa ya yi daidai da wanda ka gani daga ciki. Akwai ƙananan yankuna da su ma ba su da harafi, ɗaya wajen megabait 100 da kwamfuta ke tashi da shi, wani kuma na farfaɗo da Windows. Waɗannan ba a taɓa su.

Yanzu kwamfutar tana shiga Windows ba tare da ta tambaye mu komai ba, kuma wurin da muka yi ta kwaɗayi yana nan, rabinsa ma ba mu cika ba. Muryar Kaka huɗu da rabi tana wuri uku: a kwamfuta, a filas cikin akwatin Umma, da imel ɗin Yaya. Ƙanwar Kaka tana nan da rai a ƙauye, ta haura tamanin, kuma Baba ya ce ta san labarin barin garin nan fiye da kowa. Mun roƙi Umma ta ara mana wayarta in an yi hutu. Za mu kunna wa tsohuwar inda muryar yayanta ta yanke, mu roƙe ta ta ɗora daga nan.