Hanyar Dutse a Sukur

A al'adar Bahaushe dutse ba wurin wasa ba ne. Ko dai mazaunin iskoki ne, kamar yadda tarihin Kano ya nuna game da Dala da Tsumburbura, ko kuwa mafaka ce ranar da yaƙi ya ci gari. Saboda haka idan saurayi ya ce zai hau dutse don nishaɗi kawai, sai manya su yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Irin wannan kallo mahaifin wani ɗalibi ya yi masa a Kano, sa'ad da ya nemi izinin bin abokansa zuwa Sukur a lokacin hutu, 'yan shekaru kafin fitinar da ta afka wa yankin. Tsohon bai hana shi ba, sai dai ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. In ka komo ka faɗa mini abin da ka samo."

Shi dai Sukur gari ne a kan duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, daf da iyakar Kamaru. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Abin da ya ja hankalin samarin kuwa shi ne hanyar hawansa. Ba irin turbar da sawun dabbobi ke fitarwa ba ce. Hanya ce wadda kakannin mutanen garin suka shimfiɗe da falalen duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, daga gindin dutsen har zuwa fadar sarkinsu da suke kira Hidi, a tudun da ya haura mita 1,000.

Sun soma hawa da sanyin safiya, kowa da takalminsa mai tsada da gorar ruwa, ana ta raha. Kafin hantsi ya dubi ludayi raha ta ƙare, gwiwoyi suka yi sanyi. Ɗalibin ya sami wani dutse ya zauna yana haki, yana duban gonakin dawa da aka jera hawa-hawa kamar matakala, kowace an tokare ta da katangar dutse don kada ruwan damina ya kwashe ƙasa.

Yana nan zaune sai ga wata tsohuwa ta taso daga ƙasa, ƙunshin kaya a kanta, tana tafe a hankali ba ta tsayawa. Ya ce, "Sannu, Iya." Ta amsa da Hausarta ta kasuwa, "Yauwa, ɗana. Wa ka zo gaisarwa a sama?" Ya ce ba kowa. "To me ka zo saye?" Ya ce ba kome, yawon buɗe ido ne kawai. Tsohuwa ta dube shi, ta dubi takalminsa, ta yi dariya ta ce, "Ashe akwai mai neman gajiya da kuɗinsa!" Ta wuce abinta, ba su sake cim mata ba.

Wannan magana ita ce ta buɗe masa idon da ya zo buɗewa. Hanyar da shi yake ɗauka abin wasanni, a wurin masu ita hanyar kasuwa ce, hanyar asibiti, hanyar kai amarya. Ta kanta aka riƙa saukar da ƙarfen da mutanen Sukur suka narka zuwa kasuwannin Borno a zamanin da. Dutsen nan kuma shi ya ga hare-haren neman bayi na Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, wanda Turawa suka tuɓe a 1927. Watau kowane falali da matafiyi ya taka, gumin wani ne, wani lokacin ma har da jininsa.

Da ya komo gida mahaifinsa ya tambaye shi abin da ya samo, sai ya ce, "Baba, na samo kunya." Tsohon ya yi murmushi ya ce ashe tafiyar ba ta tashi a banza ba. A 2014, da labari ya zo cewa 'yan Boko Haram sun kai hari Sukur sun ƙone gidaje, mutane da dama sun yi jimamin wurin tarihi, shi kuwa tsohuwar nan ya tuna.

Hawan dutse don motsa jini abu ne mai kyau, ya kuma kamata ɗalibai su saba da shi, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma akwai ladabin da ke kansu: su nemi izinin masu gari, su ɗauki ɗan jagora daga cikinsu su biya shi haƙƙinsa, kada su ɓamɓare dutse don tsaraba, kada kuma su ɗauki hoton mutum sai da yardarsa. Baƙo ne ke kiran wurin dutse. Masu shi gida suke kiransa, gida kuwa ba a shigarsa sai da sallama.