Zobe Biyu da Wutsiya: Sinadarin da ke Tsayar da Jinin Jariri

A 1929 masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Henrik Dam, ya lura cewa 'yan tsakin da ya hana wa abinci mai maiƙo suna zubar da jini a ƙarƙashin fata. Abin da suka rasa shi aka raɗa wa suna bitamin K, wanda hanta ke buƙata kafin ta kammala sinadarai huɗu masu daskarar da jini.

Ƙirarsa kashi biyu ce: kai mai zobe biyu na kabon manne da juna, da doguwar wutsiya mai kabon 20 wadda ke sa shi narkewa cikin mai. A 1939 Edward Doisy da Louis Fieser na Amurka, kowa a ɗakin gwajinsa, suka haɗa shi da hannu. Har yau hanyar ba ta sauya sosai ba. Ana ɗauko kan, a ɗaura masa wutsiyar fitol, wadda asalinta daga launin koren ganye take, da taimakon asid, sannan a cire masa haidirojin ya koma bitamin K1. Dam da Doisy sun raba kyautar Nobel ta 1943.

An taɓa yi wa jarirai allurar kan kaɗai saboda araha, sai aka ga idan ya yi yawa yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ya jawo shawara. Shi ya sa aka koma ga mai wutsiya.

Babba yana samun rabonsa daga alayyafo da sauran ganyen miya. Jariri kuwa da kaɗan yake zuwa duniya, domin mabiyiya ba ta barin bitamin ɗin ya wuce sosai, nonon uwa ma bai wadatu da shi ba. A makon farko kuma ake yanke cibiya, wanzami ya cire beli, ya yi askin suna. Wani jinin ma a cikin ƙwaƙwalwa yake tsiyaya, inda ido ba ya gani.

Allurar miligiram 1 a cinya ranar haihuwa tana kare jariri daga wannan. A ƙauyukan Zurmi, Shinkafi da Kauran Namoda, inda matsalar tsaro ta nisanta mata da asibiti, haihuwar gida ta fi yawa. Duk jaririn da ungozoma ta karɓa, ya kamata a kai shi a yi masa allurar kafin aska ta taɓa shi.