Abin da AutoCAD bai sani ba game da gonakin Miga

1/ Ana yawan tambayata me ya haɗa mai zanen filaye da rubuta manhaja. Ga amsar, zaren da ɗan tsawo, a bi ni a hankali.

2/ Kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da AutoCAD a 1982. A 1986 suka saka masa yaren AutoLISP, don kowa ya iya rubuta nasa umarnin ya jona a ciki. Irin wannan 'yar ƙaramar manhaja da ake jona wa babba ita ce fulogin.

3/ To me zan yi da ita a Miga? Mu nan arzikinmu gona ce, musamman fadamar da ke bin kogin Haɗeja. Duk shekarar da ruwa ya yi ambaliya, kamar 2022, yakan share iyakoki. Gamba ta tafi, kunya ta baje, sai shaidar baki. Daga nan rigima ke tashi, balle in gonar gado ce.

4/ AutoCAD ya iya auna faɗin fili komai karkacewarsa. Amma bai san tumuni ba, bai san namiji na da rabon mata biyu ba. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa zama gaban dagaci ana rabon gona ba. Wannan giɓin nake cikewa.

5/ Misali: mutum ya rasu ya bar hekta 4, da mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa sun riga shi. Matar na da tumuni, wato rabin hekta. Kowace 'ya rabin hekta, kowane ɗa hekta 1. A takarda lissafi mai sauƙi. Amma je ka fitar da rabin hekta cif daga gona mai kusurwa tara da igiya, ka ga aiki.

6/ Fulogin ɗina na sa masa suna RABA. Ka loda shi da APPLOAD, ka ba shi lambobin GPS na kusurwoyi, ya zana gonar. Ka shigar da kason kowa. Sai ya ja layi ya auna: in ya yi yawa ya dawo rabin tazara, in ya gaza ya ƙara rabi, har ya daidaita. Aikin yini guda ya koma na minti kaɗan.

7/ Abu ɗaya da na sa ya riƙa tambaya tun farko: wane ma'auni aka bi? Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, GPS na waya kuma WGS84. Ka cakuɗa su, fili ya goce da gomman mitoci, ka shiga gonar maƙwabci ba ka sani ba. Jigawa tana shiyya ta 32 a tsarin UTM, wannan ma ya zauna a ciki.

8/ Sakamako kuma da harshen mai gona yake fitowa: hekta, eka, da fegi nawa na hamsin da ɗari. Dattijo ba ruwansa da murabba'in mita 10,000. Ka ce masa eka biyu da rabi ba kaɗan, nan take ya gane.

9/ Amma fa a kula. RABA faɗi yake aunawa, ba daraja ba. Rabin hekta a bakin ruwa inda ake shinkafar rani ba ɗaya yake da rabin hekta a jigawa ba. Shi ya sa na bar wa mutane zaɓin inda layi zai fuskanta, don kowa ya samu hanya da bakin ruwa in zai yiwu. Kason kowa malamai da alƙali ke faɗa, ba kwamfuta ba.

10/ Ƙannena masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse: ba sai kun ƙera sabon Facebook ba. Ku zauna da safiyo ko magini yini ɗaya, ku ga abin da yake maimaitawa sau hamsin, ku rubuta masa. In lasisin AutoCAD ya yi tsada, QGIS da FreeCAD kyauta ne, da Python ake musu fulogin.

11/ Layi ɗaya da aka ja daidai kan hana 'yan uwa gaba ta shekaru. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a abin da suka bari.